Adaka da Yadda A Ke Kiyaye Ta

Adaka ita ce bindigar da a ke ɗura wa albarushi ta baki. In za ka saya, duba ƙarfenta sarai. In ka ga tsatsa ko tsaga, bar ta, gama irinta ke fashewa a hannun mai ita.

Kullum ka auna albarushi, kada ka ƙara. Ka danna harsashi har ya zauna bisa albarushin, don fili tsakaninsu ya kan fasa bindiga. In ta ƙi tashi, dakata tukuna, kada ka leƙa bakinta.

Ran da ka harba, wanke cikinta da ruwan zafi, domin tokar albarushi na jawo laima. Sa'an nan ka goge har ta bushe, ka shafa mata mai.