Mota Da Tafiya A Lokacin Hunturu

Kowace shekara daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga Hamada ta lulluɓe mana gari. Mukan tanadi man shafawa da rigunan sanyin yara, amma ba mu cika tunawa da motar da za ta ɗauke mu ba. Wata za ta ce ai wannan aikin maigida ne. To, amma wa ke zaune a baya da goyo in an tashi biki daga Maradun zuwa Bakura? Ashe kuwa maganar ta shafe mu, balle malaman makaranta da ma'aikatan asibiti masu tuƙa kansu.

A Ingila ruwan lagireto kan daskare don sanyi. Mu nan Allah ya hutar da mu wannan, namu abokan gaba su ne ƙura da hazo. Sanyin asuba yana rage ƙarfin batir, shi ya sa tsohon batir kan ƙi tashi da safe. Sai a sa bakanike ya duba shi, ya kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa. Ƙura kuma tana toshe matatar iskar inji, watau iyakilina, mota ta riƙa shan mai ba ƙarfi. A kakkaɓe ta, in ta tsufa a sake. A auna iskar taya tun da safe, a duba burki da fitilu gaba da baya. Kada a kunna waifa a kan busasshen gilashi, yashi zai karce shi. A zuba ruwa tukuna.

Uwargida, ga naki aikin na musamman. Kafin a tayar da mota ki leƙa ƙarƙashinta, domin yara da kyanwa da 'yan awaki sukan raɓu da ita neman ɗumi. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen gareji, kada kuma a shiga mota da kaskon wuta. Gawayi da inji suna fitar da wata guba marar wari wadda kan sa mutum barcin da ba a farkawa.

Sai batun hanya. Babban titin Gusau zuwa Sakkwato ya bi ta Talata Mafara, kuma ranar Talata, ranar kasuwa, tun da sassafe yake cika da amalanke da jakuna da babura, ga motocin kayan lambu na manoman rani daga madatsar ruwa ta Bakolori. Amalanke ba ta da fitila, cikin hazo kuwa sai an zo dab da ita ake ganinta. Don haka a rage gudu, a bar tazara, a kunna ƙaramar fitila, domin doguwar hasko ƙura take yi ta kashe ido. Kada a wuce wata mota in ba a hango gaba sosai. A jira rana ta ɗaga kafin a tashi, a kuma isa tun kafin magariba, musamman ganin halin tsaron yankinmu.

Ku 'yan makaranta masu komawa gida hutun Disamba, in direba ya cika gudu kada kunya ta rufe muku baki. Ku ce, “Malam direba, don Allah a sassauta.” In ya ƙi, ku sauka a gari na gaba inda akwai jama'a. Asarar kuɗin mota ta fi asarar rai sauƙi. In kuwa an yi haɗari, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa, 122. Kowa ta haddace ta.

Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.