Kufena: Kufai da Mazaunansa na Ɓoye

Dutsen Kufena yana yamma da birnin Zariya, dab da Wusasa, kuma mutumin Samaru yana hango shi idan hazon hunturu ya yaye. A kewayensa akwai ragowar tsohuwar ganuwa, wadda ruwan sama da garma suka mayar da ita dogon tudun ƙasa. Tarihin baka ya nuna cewa a zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536, sarautar Zazzau ta taso daga Turunku zuwa Kufena, kafin ta zauna a Zariya ta yanzu. Jama'a kan danganta irin waɗannan ganuwoyi ga Sarauniya Amina.

Wuri irin wannan, inda aka yi gari aka tashi, shi ake kira kufai. Gidan da ya rushe kuwa kango. A tunanin Bahaushe, ba ɗayansu da ke zama babu kowa. Abin lura shi ne waɗanda ake cewa sun tare a ciki.

A ƙasar Sikotland, tsofaffin gidajen sarauta da suka rushe sun shahara da labarin fatalwa. A Dunnottar, inda aka tsare fursunoni 167 a kurkuku ɗaya a 1685, ana ba da labarin wata mace mai koren tufafi da ke gilmawa. Can, mamaci ne ke komowa inda ya sha wuya. A ƙasar Hausa ma an san fatalwa, amma ba ita ke riƙe da kufai ba. Mamaci yana kabarinsa. Masu gadon wurin aljanu ne, ko iskoki a bakin 'yan bori, halittu masu rai da ke son inda ɗan Adam ya bari: kango, tsohuwar rijiya, kogon dutse, gindin kuka da tsamiya.

Shi ya sa mu'amala da kufai ta ladabi ce. Ana yin sallama kafin a shiga, ana bisimilla kafin a zubar da ruwan zafi, ana hana yara zuwa da tsakar rana ko da almuru. Haka ake yi wa maƙwabcin da ba a so a taka.

Masanin tarihi Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya juya maganar ta wata fuska a 1970. A ganinsa, duwatsu irin su Dala da Kufena sun ja mutane tun asali saboda an ɗauke su mazaunin iskoki, kamar yadda labarin Barbushe da Tsumburbura ya nuna a Kano. Ke nan iskokin sun riga garin, ba bayan tashinsa suka zo ba. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, ko da yake ruwa, ƙasar noma da tsaron da dutse ke bayarwa su ma sun ja jama'a.

A shekarun 1970 masanin binciken kayan tarihi John Sutton da abokan aikinsa sun bincika ganuwoyin Kufena, sun kuma tono wuraren narka tama a yammacin Samaru, waɗanda suka girmi zamanin Bakwa da ɗaruruwan shekaru. Wa'azin malamai tun jihadin 1804 ya rage tsafi a duwatsun, amma bai taɓa imani da aljanu ba, domin Alƙur'ani ya tabbatar da su. Yau abin da ke cin Kufena shi ne masu fasa dutse da sababbin gine-gine da ke matsowa kan ganuwar.