Tsagewar Bango a Garwa: Gane Musabbabi Kafin Gyara

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Garwa, babban birnin Yankin Arewa na Kamaru, ruwa ne kan riga ƙadangare shiga. Wannan takarda za ta nuna cewa tsaga alama ce ta wani ciwo, kuma wanda ya shafe ta da siminti bai binciki ciwon ba, baɗi ma zai sake sayen siminti.

2.0 Ƙasa da Yanayi

Garwa tana bakin kogin Binuwai. A fadamun yankin akwai baƙar laka da Fulani ke kira karal, wadda ake noman masakwa a kanta. Wannan laka kan kumbura da damina, lokacin da ake samun ruwa kimanin milimita 1,000 tsakanin Mayu da Oktoba, sannan ta motse ta dare da rani. Harsashin da aka ɗora a kanta hawa yake yi yana sauka, bangon bulo kuwa ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Ambaliya ma tana sassauta ƙasa, kamar wadda aka yi a 2012, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo.

3.0 Ire-iren Tsaga

Tsagar da ta bi layin bulo kamar matakala, musamman a kusurwa, tana nuna harsashi ya motsa. Wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga kan nuna raunin lintal. Ƙanana masu kama da saƙar gizo kuwa a filasta kaɗai suke. Sukan faru idan kwaɓi ya bushe da sauri a zafin Maris da Afrilu, mai wuce digiri 40.

Kafin gyara, a manna ɗan siririn kwaɓi a giciye a kan tsagar, a rubuta kwanan wata, a jira rani da damina su wuce. In mannin ya fashe, ginin yana motsi har yanzu. Tsagar da faɗinta ya wuce milimita 5, ko bangon da ya karkata, aikin injiniya ne.

4.0 Gyara

Da farko a kau da musabbabi. A gyara indararo, a fitar da ruwan wanka nesa da gini, a kuma lura da dogon yaro, domin saiwarsa na zuƙe damshin laka. Bayan nan a buɗe tsagar, a share ƙura, a jiƙa ta, a cika da kwaɓin siminti 1 da yashi 4, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7. In babba ce, a ɗinke ta da guntayen rodi a giciye. Ginin tubali kuwa da yaɓen ƙasa ake gyara shi, don siminti ba ya kama ƙasa, kuma yana tsare danshi a ciki.

5.0 Kammalawa

An ga cewa yawancin manyan tsagogi daga ƙasa suke tasowa. Saboda haka maigida ya fara duba inda ruwan gidansa ke kwanciya kafin ya kira birkila, musamman idan a ɗakin da ya tsage iyalinsa ke kwana.