Ƙurungu Suna Ɗaya Ne, Amma Irinsa Da Yawa

A ƙasar Dannet, tsakanin Agadas da Arlit, babu kogi babu tafkin da yake kwana da ruwa shekara guda. Kifin da ake ci a wannan yanki baƙo ne, motoci ke ɗauko shi daga kudu bisa hanyar Tawa, akasari ya riga ya sha hayaƙin banda. Tun da kamfanin Somair ya fara fitar da uraniyum a 1971, ma'aikata daga sassan ƙasa suka zo da iyalansu da irin miyarsu, kifin banda ya samu gurbi a kasuwar Arlit. Cikin wannan kaya akwai wani ƙaramin kifi marar ɓawo, mai taurin kai da ƙayoyi uku, wanda kowa yake kira ƙurungu.

To, abin da mai saye bai cika sani ba shi ne, sunan nan ya lulluɓe dangi guda. Masana suna kiran dangin Synodontis, sun kuma ƙidaya iri fiye da 130 a Afirka, da yawansu suna cikin kogin Kwara da tafkin Cadi. Jacques Daget, Bafaranshen da ya yi aiki a Jafarabe ta ƙasar Mali, ya bayyana na Kwara ta sama a 1954, sa'an nan Max Poll na ƙasar Beljiyam ya sake tantance dangin baki ɗaya a 1971.

Launi shi ne farkon abin da ido yake kamawa, kuma shi ne ya fi ruɗi. Irin da ya fi yawa, wato schall, ƴaƴansa suna da ɗige-ɗige waɗanda suke dushewa in sun girma, har mutum ya ɗauki uwa da ɗa iri biyu ne. Saboda haka masana suka fi dogara da gashin baki da haƙora da ƙashi. Irin da ake kira clarias, mai jar wutsiya, dogayen gashin bakinsa na sama suna da rassa kamar saiwa, haƙoransa na ƙasa kuwa ba su kai 10 ba. Na schall sun haura 20, gashinsa na sama kuma sumul yake. Irin membranaceus yana da baƙar fata mai faɗi da ta bi gashin bakin kamar tuta. Shi da ɗan uwansa batensoda suna iyo a rigingine, shi ya sa cikinsu ya fi bayansu duhu, akasin sauran kifaye. Mutanen Masar na dā sun lura da haka, har sun zana batensoda a kife jikin bangayen kaburburansu.

In kifi ya bi ta wuta, launi ya tafi, gashi ya ƙone. Abin da ya rage shi ne ƙashin nan mai tsini da ya fito daga sulken kai ya kwanta a gefe, sama da ƙayar hannu, wanda tsawonsa da faɗinsa suka bambanta daga iri zuwa iri. Da irin waɗannan ƙasusuwa ne aka gane cewa mutanen Gobero, wurin da Paul Sereno ya tarar cikin Tenere a 2000, sun ci giwan ruwa da dangin tarwaɗa a bakin wani tafki wajen shekara 9,000 da suka shige, a nan jihar Agadas inda yau sai rairayi.

Wannan rarrabewa tana da amfani ga ma'aikatan ruwa da gandun daji. In littafin ƙidaya ya rubuta "ƙurungu" kawai, iri ɗaya yana iya ƙarewa a wani tafki, wani ya cike gurbinsa, nauyin buhu bai canja ba. Masunta tsofaffi sukan lura da haka tun a bakin koma. Kamata ya yi a riƙa tambayarsu kafin kifin ya hau banda.