Yadda Ƙwayar Sankara Ke Maƙalewa A Bangon Jijiyar Jini

'Yan makaranta, mun saba jin cewa sankara, wato ciwon daji ko kansa, tana kisa. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, kumburin farko ba shi ne ya fi ɗaukar rai ba. Mafi yawan masu mutuwa da wannan cuta suna rasuwa ne bayan ta bazu zuwa huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. To, ta yaya ƙwayar da ta fara a mama take isa ƙashin baya?

Ɗaya daga cikin hanyoyinta ita ce jini. Tun a 1869 wani likita a Ostireliya, Thomas Ashworth, ya ga ƙwayoyi masu kama da na kumburi a jinin wani mutum da sankara ta kashe. Sai dai shiga jini ba shi ne isa ba. Jini yana gudu da ƙarfi, yana wujijjiga baƙuwar ƙwaya, ga kuma sojojin garkuwar jiki suna farautarta. A 1970 masani Isaiah Fidler ya zuba ƙwayoyin sankarar fata a jinin ɓeraye, ya tarar kusan dukkansu sun mutu cikin kwana ɗaya. 'Yan ƙalilan ne suka kafa sabon kumburi.

Waɗanda suka tsira dole su tsaya su kama bangon jijiya, su ratsa shi. Wata tana tsayawa ne don girmanta: ƙananan jijiyoyi faɗinsu bai wuce maikuromita 5 zuwa 10 ba, ita kuwa sau da yawa ta fi haka, sai ta cushe. Wata kuma tana kwaikwayon dabarar fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke fita daga jijiya su je inda muka ji rauni.

Mu tuna yadda ƙarangiya ke kama wando. A jikin shimfiɗar da ke cikin jijiya akwai wasu furotin da ake kira selektin, su kuma ƙwayoyin sankara suna ɗauke da 'yan sarƙoƙin sukari da suka dace da su. Kamun farko ba shi da ƙarfi: a kama, a saki, a sake kamawa, har ƙwayar ta riƙa mirginawa a hankali. Da gudunta ya ragu, sai wasu furotin masu suna integirin su riƙe gam. Daga nan ta baje, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin bangon, ta faɗa cikin nama. Ƙwayoyin daskarar da jini ma suna taimaka mata, domin suna lulluɓe ta, su ɓoye ta daga garkuwar jiki, su ƙara mata danƙo.

Me ya sa kowace sankara take da inda ta fi son zuwa? A 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya duba bayanan gawawwakin mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ce lamarin kamar iri ne da ƙasa: iri na iya faɗuwa ko'ina, amma sai a ƙasar da ta dace yake tsiro. A 1928 James Ewing na Amurka ya ce hanyar da jini ke bi ce ke yanke hukunci. Yau masana na ganin kowannensu da gaskiyarsa. Sankarar hanji takan je hanta domin jinin hanji can yake fara zuwa, sankarar mama kuwa ƙashi ya karɓe ta sosai.

Wannan ilimi ya shafi gidajenmu. Kumburin da ke wuri ɗaya likita na iya yanke shi, amma wanda ya bazu maganinsa da wuya. Shi ya sa ake cewa tun ran gini, ran zane. Idan mahaifiya, gwaggo ko yaya ta ji ƙulli a mama, mu ƙarfafa mata gwiwar zuwa asibiti, kada kunya ko tsoro su sa a ɓata watanni. Kuma tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kyauta. Ki tambaya a cibiyar lafiya mafi kusa da ku, kai kuma ka tuna wa ƙanwarka.