Kwatar Ƙofar Gida da Rijiyar Maƙwabci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yan'uwa, duk ɗalibin da ya karanta Ahlari ko Risala ya san yadda malamanmu na Malikiyya suka kasa ruwa. Akwai ruwa muɗlaƙi, wanda ake alwala da wanka da shi. Akwai wanda abu mai tsarki ya sauya shi, kamar sabulu ko mai: ba najasa ba ne, amma ba a alwala da shi. Akwai kuma wanda najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari. Hukuma ma tana da nata rabon, kuma da Faransanci take rubuta shi. Ya kamata mu san kalmomin, don mu gane abin da ma'aikatan tsafta na magajin gari ke nufi.

Na farko, «eaux pluviales», ruwan sama ne da ke gangarowa daga rufi da titi. Na biyu, «eaux ménagères», ruwan wanki ne da wanke-wanke da wanka. Ruwan alwalar masallacinmu a nan yake shiga, ko da yake a fiƙihu mai tsarki ne. Na uku, «eaux vannes», shi ne abin da ke fitowa daga masai. Na biyu da na uku su ake haɗawa a ce «eaux usées», wato ruwan datti.

Kowanne da inda ya kamata ya je. «Caniveau» ita ce kwatar bakin titi, «collecteur» kuma babban lambatun da kwatoci ke zuba a ciki. Don ruwan sama aka gina su. «Fosse septique» ramin masai ne da aka shafe da siminti aka rufe. «Puisard» rami ne mai duwatsu wanda ƙasa ke tsotse ruwan wanka ta cikinsa. «Vidange» kuwa kwashe masai ne idan ya cika.

A wasu manyan birane akwai bututu a ƙarƙashin ƙasa da ke ɗauke dattin gidaje zuwa wurin tacewa. Mu nan Yakité, da sauran unguwannin Kilomita Biyar, ba mu da wannan. SODECA tana kawo ruwan famfo inda ya samu, amma wanda muka ɓata yana nan tare da mu. Abin da aka zuba a kwata yana bin lambatu har kogin Ubangi, in shara ba ta toshe shi ba. In ta toshe, damina ce za ta dawo mana da shi tsakar gida. Ƙasar nan tana da dokar tsafta tun 2003, da dokar ruwa tun 2006, amma doka ba ta kwana a ƙofar kowa.

To ga inda muke son ɗalibai su lura. Rijiya tana iya zama garau, ba wari, ba sauyin launi, alwala da ita ta inganta, alhali ƙwayar kwalara ko taifot ta ratso ƙasa daga masai ta shiga ciki. Fiƙihu ya yi hukunci da abin da ido da hanci da harshe suka riska. Cutar kuwa ba a ganinta. Ba mu manta 2016 ba, lokacin da kwalara ta biyo garuruwan bakin kogi har ta iso Bangui. Shi ya sa masana lafiya ke cewa a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Mun san filayenmu ƙanana ne. Inda tazarar ba ta samu ba, a shafe ramin da siminti, a rufe bakin rijiya, ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa maganin kashe ƙwayoyi yadda ma'aikatan lafiya suka nuna.

Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudana, ya kuma tsoratar da mai biyan buƙata a kan hanyar mutane ko inuwarsu. To ina ga wanda ya jira ruwan sama ya goce cikin dare, ya buɗe ramin masai ya saki cikin kwata? Da safe yaran makarantar allo ne za su taka, su shigo masallaci da shi. Kuɗin mai kwashe masai yana da nauyi, gaskiya ne, amma gidaje biyu ko uku suna iya haɗa hannu. Kuɗin asibiti ya fi shi nauyi.

Mu fara da kanmu, mu duba ina ruwan alwalar masallaci da makaranta yake zuba. Mai dokar barci bai kamata ya ɓuge da gyangyaɗi ba. Allah ya tsare mu da cutar da maƙwabci, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.