Mutum-mutumin da ke Koyon Halin Abokin Hirarsa

Mutum-mutumin zamantakewa na'ura ce da aka ƙera domin ta yi hulɗa da jama'a ta hanyar magana da kallo da motsin jiki, saɓanin injinan masana'antu da ake killacewa nesa da ma'aikata. Abin da ya fi ba masu ƙera shi wahala shi ne bambancin mutane, domin muryar da ke faranta ran yaro tana iya zama raini a kunnen dattijo, kuma tazarar da wani ke ɗauka ladabi, wani ƙyama yake ganinta.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙera na'urar domin rukuni guda. Kaspar, wanda Jami'ar Hertfordshire ta Ingila ta fara ƙerawa a 2005, an rage wa fuskarsa yawan motsi da gangan, saboda yara masu lalurar galahanga, wato wahalar fahimtar alamun hulɗa, sun fi natsuwa da fuskar da ba ta sauyawa ba zato. Shi kuwa Paro, wanda Takanori Shibata ya ƙera a Japan da siffar jaririn wata dabbar teku domin tsofaffi masu cutar mantuwa, yana maimaita motsin da aka shafa shi bayan ya yi, yana kuma koyon sunan da aka raɗa masa.

Aikin da ya fi zurfi shi ne CARESSES, wanda Tarayyar Turai da Japan suka ɗauki nauyinsa daga 2017 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Jenowa ta Italiya, aka kuma gwada shi da mutum-mutumin Pepper a gidajen kula da tsofaffi na Birtaniya da Japan. An cusa wa na'urar bayanai kan al'adun Ingilawa da Indiyawa da Japanawa, amma an tsara ta riƙe su a matsayin zato kawai, ta yadda idan ta tambayi dattijuwa 'yar asalin Indiya game da bikin Diwali ta ga ba ta yin sa, sai ta gyara abin da ta rubuta a kanta. Wannan gyaran shi ne ƙashin bayan aikin, domin na'urar da ta tsaya kan al'adar ƙabila kuɗin goro take yi wa mutane.

Sai dai koyon yana buƙatar adana murya da fuska da sirrin gida, alhali da dama daga cikin waɗanda ake kai wa na'urorin yara ne da tsofaffi masu mantuwa, waɗanda ba sa iya ba da izini da kansu, don haka wajibi ne 'yan'uwa da ma'aikatan jinya su san inda bayanan ke zuwa kafin a kunna na'urar.